Neman Haihuwa: Yadda Zullumi Ke Sanyaya Shimfiɗar Aure

A ƙasarmu ba a daɗe wa amarya. Wata shida bayan buki, uwar miji ta soma duban cikinta, maƙwabta na tambaya ko an samu ƙaruwa. Binciken ƙasa na shekarar 2012 ya nuna cewa macen Nijar na haihuwar ɗiya 7,6 a tsakaici. A cikin jama'a irin wannan, gidan da ya shekara biyu babu goyo ya zama abin nuni. Abin da ba a faɗi kuwa shi ne abin da ke faruwa bayan an ja ƙyaure.

Likitoci sun san lamarin sarai. Tun ranar da miji da mata suka soma ƙirga kwanaki, saduwa ta tashi daga sha'awa ta koma aiki mai ranar biya. Matar ta lissafa daga al'adarta, ta ce wa maigida daren yau ne, kada ya yi nisa. Shi kuwa ya kwana da sanin cewa ana jiransa. Jikin namiji ba ya karɓar umurni irin wannan. Miƙewar gaba na bukatar jijiyoyin jini su saki, jini ya cika wurin. Fargaba kuwa na sa jiki ya zubo sinadarin adiranalin, wanda aikinsa matse waɗannan jijiyoyi ne. Sai mutum mai lafiya lau ya kasa, ko ya kawo da wuri, ko ya kasa kawowa sam. Tsoron abin da ya faru jiya kuma shi ke kada shi gobe.

Ɗan kasuwa da ma'aikacin gwamnati sun fi kowa sanin wannan tarko. Wanda ke fatauci tsakanin Maraɗi, Kano da Kwatano, ko wanda aka tura aiki Difa iyalinsa na Yamai, kwana uku gare shi a gida cikin wata. Ya iso da gajiyar hanya, a ce masa ga ranar.

Wahalar mace ta fi zurfi, don ita ake ɗora wa laifi, kuma ita ke jin ƙishin-ƙishin ɗin kishiya. Macen da hankalinta ya tashi ni'imarta na ɗaukewa, saduwa ta zama mai zafi, zafin kuma ya sa ta guje wa shimfiɗa. Duk wata in jini ya zo, kamar an yi mata rasuwa ne. Miji ya ga ta ja jiki, ya ɗauka ƙi ne. Ita ta ga ya kasa, ta ɗauka zuciyarsa na wani gida. Kunya ta hana kowa magana. A ganinmu wannan shiru ya fi cutar kanta ɓarna.

Ga abin da ilimi ya tabbatar. Ƙwan mace na fita wajen kwana 14 kafin al'ada mai zuwa, kuma ba ya wuce awa 24 da rai. Amma maniyyi na iya kai kwana 5 a jikin mace. Ke nan babu wani dare guda da in an rasa shi an rasa wata. Shi ya sa likitoci da dama ke ba da shawarar a ajiye lissafi, a riƙa saduwa duk bayan kwana 2 ko 3. Ta haka, fiye da 80 cikin 100 na ma'aurata, in matar ba ta kai shekara 40 ba, kan samu ciki cikin shekara guda. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta kiran abin rashin haihuwa sai an cika wata 12 ana saduwa ba tare da kariya ba, kuma a 2023 ta ce kusan mutum 1 cikin 6 na gamuwa da shi a rayuwarsa. Wajen rabin matsalolin kuwa akwai hannun namiji a ciki, ko da yake mace ce kullum ake kai wa boka.

Sai a yi hattara da ƙwayoyin ƙarfin maza da ake tallarsu a tasha da bakin kasuwa. Ba sa ƙara ƴaƴan maniyyi, kuma ga mai shan wasu magungunan ciwon zuciya suna iya faɗar da jini har ya kai ga halaka. Raunin gaba da ya daɗe ma yakan zama alamar ciwon sukari ko hawan jini, abin da awo kaɗai ke nunawa.

In shekara ta cika, ko wata 6 ga macen da ta haura 35, miji da mata su tafi asibiti tare. Awon maniyyi shi ne mafi sauƙi cikin gwaje-gwajen: a ƙaurace wa saduwa kwana 2 zuwa 7, a ba da samfur a labo. Da shi ya kamata a fara, kafin a sa mace ta sha wuyar nata.