Abin Da Zomo Da Ɓera Suka Sanar Da Likitoci A Kan Ciwon Daji

Ya ku malamai da fatake, ku sani cewa akwai guba iri biyu. Akwai wadda ke kayar da mutum nan take, akwai kuma wadda ke shiga jiki kaɗan-kaɗan, ta yi shekaru ba a ji ɗuriyarta ba, sa'an nan ta fito da sunan ciwon daji. A kan ta biyun za mu yi magana.

Farkon al'amarin a Ingila ne. A shekarar 1775 wani likita a Landan, Percivall Pott, ya lura cewa masu sharar bututun hayaƙi tun suna yara, idan suka girma, ciwon daji yakan kama su a fatar maraina. Ya ɗora laifin a kan kunkunniyar da ke maƙale musu a jiki. Amma zato dabam, hujja dabam, kuma ba ya halatta a jarraba guba a jikin ɗan Adam.

Sai bayan shekara 140 hujja ta zo. A 1915, a birnin Tokyo, Yamagiwa da abokin aikinsa Ichikawa suka riƙa shafa wa zomaye kwalta a kunne, wata da watanni, har ciwon daji ya tsiro wa waɗansunsu a daidai wurin shafar. A 1933 kuma masana a Landan suka tace baƙin kwalta wajen tan 2, suka ware sinadarin da ke ɓarnar, wanda ake kira benzopyrene. Yana nan kuma cikin hayaƙin taba.

To, ta yaya yake ɓarnar? Jiki an gina shi da ƙwayoyi ƙanana ƙwarai, kowace tana ɗauke da rubutun da ke gaya mata aikinta da lokacin da za ta daina yaɗuwa. Idan za ta rabu biyu sai ta kwafe rubutun. Sinadarin yakan manne wa rubutun nan ya jirkita harafi. Kowane mai littafi ya san cewa idan kuskure ya shiga kwafin farko, duk wanda ya kwafa daga gare shi zai gaje shi. Haka ƙwayar ke gadar wa 'ya'yanta kuskuren, har kurakurai su taru, su ƙi tsayawa, su zama ƙari.

A 1947 Berenblum da Shubik suka nuna a fatar ɓeraye cewa abin hawa biyu ne. Suka shafa sinadarin sau ɗaya tak, ba a ga kome ba. Bayan watanni suka riƙa shafa wani mai da ke tsokanar fata, sai ƙari ya ɓullo. Ashe ɓarnar farko ba ta gushe ba, kwanto ta yi.

Ga inda maganar ta shafi kasuwanninmu. A 1960 talo-talo wajen 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci tunkuzar gyaɗa da aka kawo daga Burazil. Da aka ba ɓeraye irin wannan tunkuza, ciwon daji ya kama hantarsu. Aka gano cewa fumfunar da ke kama gyaɗa da masara idan an adana su da laima ita ke fid da gubar, aka sa mata suna aflatoxin. Hanta ce ke ƙoƙarin narkar da ita, a nan take juyewa ta ɓata rubutun hantar. Daga baya aka tabbatar da haka a jikin mutane, kuma haɗarin ya fi tsanani ga mai ciwon hanta nau'in B. Suya da dafuwa ba sa kawar da ita duka.

Saboda haka, ya kai mai sayen gyaɗa, kada ka ɗura ta a buhu sai ta bushe ƙayau. Ɗora buhuna a kan katako, nesa da bango da yoyo. Tsince ƙwayar da ta yi fumfuna ko ta yamushe, ka binne ta. Kada ka sayar wa masu ƙuli-ƙuli da ita da araha, domin yaran gari ne za su ci, kuma cutar ba za ta bayyana ba sai an manta da cinikin. Ribar mudu ɗaya ba ta kai hantar mutum ba.

Allah Ya kiyashe mu. Wassalam.