BABI NA UKU: HORAR DA KARNUKAN FARAUTA A ƘASAR DAURA DA SAƁANIN RA'AYI A KANSA

3.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an yi bayanin matsayin farauta a cikin sana'o'in gargajiya na ƙasar Daura. Wannan babi kuwa zai dubi yadda mafarauta suke horar da karnukansu, tun daga ranar da aka raba kwikwiyo da uwarsa har zuwa lokacin da ya iya aiki a dawa, tare da wuraren da masu sana'ar suka saɓa wa juna. Abin da ake nufi da ƙasar Daura a nan shi ne masarautar baki ɗaya, wadda ta ƙunshi ƙananan hukumomin Daura da Zango da Ɓaure da Sandamu da Mai'aduwa a Jihar Katsina.

3.1 Ma'anar Horarren Kare

Ƙasar Daura ƙasa ce ta jigawa, mai fili fetal, wadda ta yi iyaka da Jamhuriyar Nijar. Ana fita farauta ne da rani, bayan an kawar da amfanin gona, kuma abin da aka fi samu shi ne zomo da kurege da gafiya da zabon dawa da makamantansu. A irin wannan fili gudu da kaifin ido sun fi amfani bisa ga bin sansana, shi ya sa ake son kare siriri, mai dogayen ƙafafu da shafaffen ciki, mai kama da irin karnukan Buzaye. To amma gudu halitta ce, ba wanda yake koya wa kare shi. Abin da ake koya masa shi ne ya yi gudun domin ubangidansa, a lokacin da ubangidan ya so.

Wannan ma'auni ya samo asali ne daga addini. Aya ta 4 ta Suratul Ma'ida ta halatta cin abin da horarrun dabbobin farauta suka kamo. A cikin Bidayatul Mujtahid, Ibn Rushd, wanda ya rasu a shekarar 1198, ya kawo siffofi uku da malamai suka tattauna wajen gane horarren kare: ya amsa idan an kira shi, ya tafi idan an cuna shi, ya kuma hanu idan an tsawata masa. Haka kuma Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan malaman ƙasar Hausa, ta nuna cewa ana ajiye kare ne domin tsaron shuka, ko rakiyar dabbobi, ko farautar neman abinci ba ta wasa ba. Idan kare ya zabura da kansa ba a aike shi ba, ya kashe zomo kafin a kai ga yanka shi, to wannan zomo mushe ne. Ke nan rashin horo yana iya mayar da wahalar yini guda ta zama banza, ko da kuwa karen ya fi kowane kare gudu a wurin.

3.2 Matakan Horo

Masu iya magana sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mafarauci ya fi son ya karɓi kwikwiyo da zarar an yaye shi, daga karyar da aka san ta da kamu. Abu na farko shi ne raɗa masa suna, wani lokaci daga launinsa, wani lokaci kuma sunan habaici ne ga abokan hamayya. Mai karen ne da kansa yake zuba masa abinci a kaskonsa, kunu ko ragowar tuwo ko tsaki, kuma duk sa'ad da zai zuba sai ya kira sunan ko ya yi wani fito da ya keɓanta da shi. Kafin wani lokaci kwikwiyon ya haɗa wannan murya da ƙoshi. Wannan shi ne abin da Pavlov, masanin ƙasar Rasha wanda ya sami lambar Nobel a 1904, ya bayyana a gwaje-gwajensa da karnuka, wato dabba tana danganta sauti da abin da yake biyo bayansa. Ba a banza ba mafarauta suke ƙin a riƙa jefa wa karensu abinci a maƙwabta, domin karen da yake ci a ko'ina ba ya da wata murya ɗaya da yake saurare.

A cikin waɗannan makonni ne kuma ake barin kwikwiyo ya yi cuɗanya da awaki da tumaki da kajin gida. Idan ya tasar wa kaza, sai a tsawata masa nan take. Scott da Fuller (1965), bayan doguwar bibiyar karnuka a Amurka, sun nuna cewa tsakanin mako 3 zuwa mako 12 na rayuwar kwikwiyo shi ne lokacin da ya fi saurin sabo da abin da ke kewaye da shi. Wannan mataki ya ƙara muhimmanci a yau, saboda gonaki sun cinye mafi yawan dawar da ake farauta a da, kuma da rani dabbobin gida a sake suke kiwo. Karen da aka saki a bayan gari ya fi haɗuwa da ɗan akuya bisa ga zomo, kuma idan ya kashe shi, maganar biya ce za ta kai gaban mai unguwa ko dagaci.

Daga nan sai a shiga koya masa kamu. Akan ɗaura fatar zomo ko ta kurege a igiya, yaro ya ja ta da gudu, a cuna kwikwiyon. Idan ya cafke, sai mai shi ya karɓe ya ba shi ɗan abin taɓawa. In ya ƙara tasawa sai a sakar masa gafiya mai rai a fili. Mataki na ƙarshe, wanda kusan babu saɓani a kansa, shi ne a haɗa shi da gogaggen kare a fita da su ƙaramar farauta kusa da gari. A nan yake koyon yadda ake tare wa zomo hanya idan ya yi zilliya, da yadda ake jira a bakin rami. Idan an yi kamu, akan yanka, a feɗe, a ba karnuka hanji da sauran kayan ciki tun a wurin. Wannan shi ne ladansu, kuma daga hannun mai su yake fitowa.

3.3 Saɓani a Kan Duka

Babban abin da ya raba mafarauta gida biyu shi ne bulala. Kashi na farko suna ganin kare ba ya jin magana sai yana tsoron mai shi. A wurinsu, dawa wuri ne na hayaniya, ga kiɗa, ga ihu, ga karnukan wasu garuruwa, don haka karen da aka saba lallashi zai yi kunnen uwar shegu a lokacin da aka fi bukatarsa. Kashi na biyu kuwa suna ganin duka yana kashe wa kare zuciya, ya mayar da shi mai raɓe-raɓe, mai saka wutsiya a tsakanin ƙafafu.

Ba a ƙasar Hausa kaɗai aka yi wannan jayayya ba. Konrad Most, wanda ya horar da karnukan 'yan sanda a Jamus, ya fitar da littafinsa a 1910 inda ya ba tilastawa babban matsayi, haka ma William Koehler a Amurka a 1962, wanda ya dogara ga fizgar sarƙar wuya. Masu wannan ra'ayi sun daɗe suna kafa hujja da binciken Schenkel (1947) a kan kyarketan Turai da aka tsare a gidan namun daji, inda aka ga ƙarfi ne yake raba shugabanci, aka ce haka mutum zai zame wa karensa. Sai dai David Mech, wanda littafinsa na 1970 ya taimaka wajen yaɗa wannan fahimta, ya dawo a 1999 ya nuna cewa garken da ke dawa iyali ne, uwa da uba da 'ya'yansu, ba taron masu kokawar mulki ba. A ɗaya ɓangaren kuma akwai masu bin tafarkin Skinner (1938), wanda ya nuna cewa halin da aka saka wa lada shi ne yake maimaituwa. Karen Pryor ta kusanto da wannan ga masu karnuka a littafinta na 1984. Binciken Hiby da Rooney da Bradshaw (2004) a Ingila ya sami cewa karnukan da aka fi horarwa da lada sun fi biyayya, waɗanda aka fi horarwa da hukunci kuma sun fi nuna munanan halaye. Ya kamata a lura cewa karnukan gida ne aka yi wannan bincike a kansu, ba masu bin zomo a jigawa ba, saboda haka ba za a ɗora sakamakonsa kacokan a kan ƙasar Daura ba.

Duk da haka, akwai wani wuri da hujjar masu duka take da rauni ƙwarai, wato wajen kira. A ɗauka kare ya bi ɗan akuya, mai shi ya ƙwala masa kira, bayan ɗan lokaci ya dawo, sai aka rufe shi da duka. A zaton mai shi, ya hukunta shi ne saboda akuyar. Shi kuwa karen, abu na ƙarshe da ya yi kafin bulala ta sauka shi ne amsa kira. Gobe idan aka kira shi sai ya tsaya daga nesa yana kallo, jibi kuma in ya kama zomo sai ya yi cikin ƙaya da shi. Ta haka mai karen ya rushe siffa ta farko daga cikin ukun nan da hannunsa. Tsawa a daidai lokacin da kare yake cikin laifi tana da amfani, kuma ko masu lallashi ba su musa wannan ba. Dukan da ya zo bayan laifi ya wuce shi ne abin da ba a ga ribarsa ba.

3.4 Yunwa da Cin Abin da Aka Kama

Saɓani na biyu ya shafi ciki. Wasu sukan hana kare abinci tun daga jajibirin farauta, bisa ganin cewa ƙoshi yana kawo nawa. Akwai gaskiya a cikin wannan, domin kare mai cikakken tumbi ba ya gudu. Amma rage abinci daban, horo da yunwa daban. Karen da yunwa ta gallaba yana farauta ne domin kansa, kuma shi ne wanda yake yagalgala zomo kafin a iso, ko ya yi faɗa da wani kare a kan kamu. Irin wannan faɗa ba ya tsayawa a kan karnuka, domin gardamar wane ne karensa ya fara kamawa tana daga cikin abubuwan da suke haddasa rikici tsakanin ƙungiyoyin mafarauta, alhali kowa yana riƙe da gora ko wuƙa.

Malamai ma sun saɓa a kan wannan. Hadisin Adiyyu bin Hatim, wanda Buhari da Muslim suka ruwaito, ya hana cin abin da kare ya ci daga gare shi, saboda tsoron kada ya zama don kansa ya kama. Da shi Imam Abu Hanifa da Imam Shafi'i, a zancensa mafi shahara, suka yi riƙo. Imam Malik kuwa, wanda mazhabarsa ake bi a ƙasar Hausa tun da daɗewa, bai sanya rashin ci ya zama sharaɗi ba, kuma akwai hadisin Abu Sa'alaba a cikin Sunan na Abu Dawuda da yake ƙarfafa wannan. Sai dai ko da shari'a ta sassauta, kasuwa ba ta sassauta ba: ba mai sayen zomon da kare ya cinye cinyarsa. Don haka gwanayen mafarauta suke dagewa kan koya wa kare saki, ta hanyar musanya abin da ke bakinsa da wani abin ci tun yana ƙarami, maimakon fizge shi da ƙarfi.

3.5 Yanke Kunne da Ba da Magani

Akan ga karnukan farauta da yankakken kunne. Masu yin haka suna cewa don kada ƙaya ko abokin faɗa su sami abin kamawa ne, wasu kuma suna ganin yana ƙara wa kare ji da zafin nama. Dalili na biyun ba shi da wata madafa a ilimin likitancin dabbobi, kuma ba ya cikin horo, tun da ba ya koya wa kare komai. Haka kuma akan ba kare wasu saiwoyi da ɓawon itatuwa a cikin abinci, ko a rataya masa laya, da nufin ƙara masa zuciya ko kare shi daga sammun abokan hamayya. Matasan mafarauta da yawa sun fi karkata ga maganin tsutsar ciki da allurar rigakafin haukan kare, wadda Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato take cikin masu samar da ita, suna cewa karen bana shi ke maganin zomon bana. Dattawa kuma suna ganin ba a yar da abin da aka gada. Ire-iren waɗannan magunguna, da yadda ake haɗa su, da waɗanda suke da ikon bayar da su, su ne babi na huɗu zai ɗauka.