Ciwon Ciki Ba Iri Ɗaya Ba Ne: Nasiha Ga Jama'ar Gwarzo Da Kabo

Yana daga cikin al'adun da suka yi kanta a ƙasashen Gwarzo da Kabo, tun daga Getso har zuwa Garo, duk wanda cikinsa ya murɗa ko ƙirjinsa ya ɗauki zafi sai ya yanke wa kansa hukunci cewa olsa ce, ya jiƙa kanwa ya sha, ko ya tsaya wurin mai tallar magani ran kasuwa, alhali kuwa cututtukan ciki suna da yawa, kowace da sababinta da maganinta.

Shi gyambon ciki, wato olsa ta haƙiƙa, galibi abu biyu ke haddasa shi. Na farko wata ƙwayar cuta ce, Helicobacter pylori, wadda likitocin Ostareliya biyu, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano a 1982. Ana tabbatar da ita ta gwajin bayan gida, a kuma kashe ta da maganin kimanin mako biyu. Na biyu kuwa yawan haɗiyar magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac, waɗanda manoma da 'yan dako suke sha bayan wahalar yini, ba su san suna cinye musu bangon tumbi ba.

Akwai alamomin da idan suka bayyana jinkiri ya zama ganganci: aman jini, da bayan gida baƙi ƙirin kamar kwalta, da rama ba dalili, da wuyar haɗiye abinci, da kumburin ciki da taurinsa bayan dogon zazzaɓin taifot. Wajibi ne a garzaya da mai irin wannan larura Babban Asibitin Gwarzo ko asibitin Kabo, in al'amarin ya fi ƙarfinsu su tura shi Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, inda ake leƙa tumbi da na'ura.

Amma amai da gudawa, wanda annobarsa ta addabi Jihar Kano a daminar 2021, ƙarewar ruwan jiki ce ke kisa a cikinsa, saboda haka jinyarsa tun daga gida take farawa. A sami tafasasshen ruwa lita ɗaya, a zuba sukari ƙaramin cokali shida da gishiri rabin ƙaramin cokali, a riƙa ba majinyaci kaɗan-kaɗan ko da yana amai. Kada uwa ta janye wa jariri nono, a kuma ba yaro ƙwayar zinki kwana 10 zuwa 14. In idanu suka faɗa, ko maɗiga ta lotsa, ko fitsari ya ɗauke, to, sai asibiti, a sa masa ruwa. Mai jinya ya lizimci wanke hannu da sabulu bayan kowace hidima, domin kada ya ɗebi cutar ya kai wa sauran iyali.

Malamanmu sun karantar da mu cewa riƙo da sababi ba ya warware tawakkali, kuma farkon sababi a nan shi ne a san sunan cuta kafin a nemi maganinta. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.