The Bill: Wasan 'yan sandan Landan da ya koya wa baƙi doka, amma daga ɓangare ɗaya

Duk wanda ya zauna a Birtaniya kafin shekarar 2010, da wuya a ce bai taɓa cin karo da The Bill a tashar ITV ba. An fara nuna shi a watan Oktoban 1984, aka rufe a ƙarshen Agustan 2010, bayan an yi kashi sama da 2,400. Sunan ya samo asali ne daga laƙabin da mutanen Landan ke yi wa 'yan sanda.

Labarin wani caji ofis ne na ƙirƙira mai suna Sun Hill a gabashin Landan. Ba kullum ake bin manyan 'yan fashi ba. Yau rikicin miji da mata ne, gobe yaro ya ɗauke kaya a kanti, jibi mashayi ya kwanta a bakin titi. Geoff McQueen, wanda ya ƙirƙiro wasan, ya kafa masa ƙa'ida tun farko: kyamara ɗan sanda take bi. Abin da bai gani ba, kai ma mai kallo ba za ka gani ba.

Ga sabon zuwa, wasan makaranta ce ta kyauta. A shekarar da aka fara shi aka kafa dokar PACE, wadda ta tsara yadda ake kama mutum da tsare shi a Ingila da Wales. A talabijin mutum zai ga sajan yana karanta wa wanda aka kama haƙƙinsa, ana naɗar tambayoyi a kaset, ana kiran lauya ba tare da an nemi ko kwabo ba. Wanda ya saba ganin "beli kyauta ne" a bangon caji ofis a gida, ya kuma san yadda ake ƙarewa, dole abin ya ba shi mamaki. Kuma gaskiya ne: a mafi yawan laifuka, awa 24 aka yarda a tsare mutum ba tare da tuhuma ba, sai an nemi ƙari.

To amma fa ƙa'idar McQueen tana da nata aibin. Idan aka tare saurayi baƙar fata a titi aka caje shi ba a samu komai ba, kyamara motar sintiri take bi. Ba ta raka shi gida a ga fuskar mahaifiyarsa. A tsakiyar shekarun wasan ne, a watan Afrilun 1993, wasu matasa fararen fata suka kashe Stephen Lawrence, ɗan shekara 18, a unguwar Eltham, 'yan sanda kuma suka yi sakaci da binciken. Rahoton Macpherson na 1999 ya ce wariyar launin fata ta yi kanta a rundunar Landan. A 2023 rahoton Casey ya sake faɗin haka.

Saboda haka iyaye, abin da ya kamata yaranku su sani ga shi. Ɗan sandan da zai caje su wajibi ne ya faɗi sunansa da ofishinsa, da abin da yake nema, da dalilinsa. Suna da ikon karɓar takardar shaidar cajin. Sai dai akwai sashe na 60 na wata dokar 1994, wanda ya yarda a caje mutum ko babu zargi a kansa, idan wani babban jami'i ya ba da izini a wata unguwa na ɗan lokaci.