Zarton Lantarki a Shagunan Kafintocin Kudancin Kaduna: Riba da Haɗarin da Ke Tattare da Shi

KAFANCHAN — Zarton lantarki ya zama babban jarin ƙananan kafintoci a Kafanchan, Kagoro, Zonkwa da Kwoi, har zuwa ƙauyuka irin su Nok a Ƙaramar Hukumar Jaba, inda da yawa ke aiki a cikin gida ko a rumfar ƙofar gida. Katakon da a da yake cinye wa kafinta rabin yini da zarton hannu, yanzu cikin 'yan mintoci ake tsaga shi. Sai dai injin da ke ninka ciniki shi ne kuma yake iya raba mai shago da yatsunsa, kuma a wannan sana'a hannu shi ne uwar kuɗi.

Yankin yana da dalilin yawan masu wannan sana'a. Ruwan sama ya fi na arewacin jihar yawa, ga kuma gandun dajin Nimbia da ke kan hanyar Jos, wanda aka fara dasa itatuwan tik a cikinsa a shekarar 1957. Ana samun malaina da maɗaci, ana kuma buƙatar ƙofofi, kujerun makarantu, gadaje da katakon rufi a kowane lokaci.

Domin a gane girman haɗarin, sai a dubi lissafi. Faifan zarton tebur mai faɗin santimita 25 yakan juya kimanin sau 4,000 a minti ɗaya. In yana da haƙora 40, to kusan haƙora 2,700 ne ke wucewa ta wuri guda a cikin daƙiƙa ɗaya. Babu mai zafin naman da zai janye hannu kafin a yi ɓarna. Ko a Amurka, inda ake da kayan kariya a wadace, hukumar kula da ingancin kayan masarufi ta ƙasar ta ƙiyasta cewa zarton tebur na kai mutane kimanin 30,000 asibiti a kowace shekara.

Haɗari na farko shi ne harbin katako. Yana faruwa ne idan tsagar da aka yi ta matse bayan faifan, sai haƙoran su ɗaga katakon su jefo shi da ƙarfi wajen mai aiki, wani lokaci su ja hannunsa zuwa kan faifan. Ɗanyen katako, wanda ake yawan sayarwa ba a bari ya bushe ba, shi ya fi yin haka, tun da yana murɗewa yayin da ake tsaga shi. Maganin wannan shi ne ɗan ƙarfen nan mai lanƙwasa da ke tsaye a bayan faifan, wanda ke hana tsagar rufewa. Wasu kan cire shi tare da murfin faifan don a cewarsu suna rage sauri. Wannan tsimi ne mai tsada. Haka kuma ya kamata mai aiki ya tsaya a gefe, kada ya saita cikinsa da faifan, ya ɗaga faifan kaɗan kawai bisa kaurin katakon, kuma ya tura santimita 30 na ƙarshe da sanda. Kafin yanka, a duba ko akwai ƙusa a cikin tsohon katako.

Haɗari na biyu ya fi shafar wuraren da wuta ba ta tsayawa. Idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar yanka, sau da yawa akan manta makunni a kunne, a sa hannu a zaro katakon, ko yaron shago ya shiga share garin katako a ƙarƙashin tebur. Da zarar an dawo da wuta, ko an tayar da janareta, sai injin ya tashi da kansa. Ƙa'idar ita ce, duk lokacin da wuta ta ɗauke, a kashe makunni a kuma zare waya daga soket kafin a taɓa komai. Akwai makunnin da ke kashe kansa idan wuta ta yanke, ba ya tashi sai an sake danna shi, kuma duk ƙwararren mai gyaran wuta zai iya haɗa shi. Bugu da ƙari, wutar Nijeriya mai ƙarfin bolt 230 tana kisa, musamman da damina idan daɓen shago ya jiƙe. Wayar da aka ɗaure da leda, ko aka cusa tsirararta a soket, tarko ce. A haɗa injin da wayar ƙasa, a kuma sa na'urar da ke yanke wuta nan take in ta fara bi ta jikin mutum.

Na uku shi ne ɗaura faifan zarto a kan ƙaramin injin goge ƙarfe don gudun sayen zarton gaske. Wannan inji yana juyawa kimanin sau 11,000 a minti, fiye da ninki biyu na zarton katako, ba shi kuma da tafin da zai zauna a kan katako. Da ya ci karo da gaɓa sai ya kuɓuce daga hannu.

Akwai kuma illar da ba ta nuna kanta sai bayan shekaru. Tun a 1995 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ƙurar katako cikin abubuwan da ke haddasa cutar dajin hanci. Ƙarar zarto kuwa takan zarce ma'aunin desibel 85 da ake ɗauka a matsayin iyakar abin da kunne zai jure a yinin aiki. Don haka takunkumin hanci, tabarau da abin toshe kunne suna cikin kayan aiki. Safar hannu da riga mai faɗin hannu ba su da wuri kusa da faifai mai juyawa, domin haƙori na kama su ya ja hannu. Janareta da jarkar fetur su zauna a waje, nesa da tarin garin katako. A shagon da ke cikin gida, a kulle injin a ɗauke wayarsa bayan an tashi, saboda ƙananan yara.

Ta fuskar doka, Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta killace duk ɓangaren inji mai haɗari, yayin da Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa masu ɗaukar ma'aikata biyan kashi 1 cikin 100 na albashin da suke bayarwa ga asusun NSITF. 'Yan kasuwa da hukumomin da ke ba da kwangilar kujeru da ƙofofi suna da ruwa a wannan batu, domin ranar da kafinta ya ji rauni, kuɗin kafin alƙalami ya maƙale, aiki kuma ya tsaya. Mai ba da aiki ko rance yana iya leƙa shagon ya ga ko injin na da murfinsa kafin ya sa hannu.

In tsautsayi ya auku, a danne raunin da tsumma mai tsabta, a ɗaga hannun sama. Yatsan da ya guntule a naɗe shi a tsumma mai ɗanshi, a ɗaure a leda, a sa ledar cikin ruwa mai ƙanƙara ba tare da naman ya taɓa ƙanƙarar ba, a garzaya asibiti da shi tare da mai raunin ba da ɓata lokaci ba.