Amsoshin Wasiƙunku: Yaya Ake Koya wa Ɗan Makaranta Kyauta?

TAMBAYA: Wani manomi daga ƙasar Kurfi ya rubuto yana cewa an ce wa 'ya'yansa a makarantar firamare su kawo hatsi don a taimaki marayun gari. Yana tambaya, shin wannan tarbiyya ce ko wani sabon haraji? Wata 'yar kasuwa kuma daga Dutsin-Ma ta ce, yaron da bai mallaki komai ba, me zai bayar?

AMSA: To malam, da ke hajiya, mun gode da wasiƙunku. Abin da ke raba tarbiyya da haraji shi ne tilas. In an yanka wa kowane yaro adadi, ana dukan wanda bai kawo ba, ko ana kiran sunansa a gaban aji, wannan haraji ne, kuma ƙin kyauta zai koya masa. In kuwa an ce kowa ya kawo abin da ya samu, ko da cikin tafi ne, to tarbiyya ce.

Ai abin ba baƙo ba ne gare mu. Manomin da ya yi noman damina, in amfaninsa ya kai nisabi, yakan fitar da dami ɗaya cikin goma. Mai noman hatsi na rani, irin na bakin madatsar ruwa ta Zobe, in da inji ya yi ban-ruwa, ɗaya cikin 20 zai fitar. Ga zakkar kono, mudun Annabi huɗu a kan kowane mutum, har jariri, wadda ake fitarwa kafin sallar idi. Wannan duk wajibi ne a kan babba. Amma in uba ya sa ɗansa ya auna, ya ɗauka da kansa ya kai, yaro ya ga darasin da idonsa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Bari mu yi lissafi. Aji mai yara 40, in kowa ya kawo tiya ɗaya ta gero da kaka, an tashi kusan buhu guda. Buhun nan zai riƙe gidan wata gwauruwa mai marayu kwana da kwanaki. Ga kuma bayin Allah da 'yan bindiga suka tayar daga ƙauyukansu suka shigo gari hannu rabbana, wasu 'ya'yansu ma suna ajin.

Sai dai a kula da abu huɗu. Na ɗaya, a yi shi da kaka, lokacin da rumbu ke cike, kada a yi da bazara. Na biyu, a rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita a kan allo, yara su ƙidaya da kansu, ƙungiyar iyaye da malamai ta shaida. Na uku, a nemi mai unguwa da liman su nuna mabuƙata, don su suka san gidan da ba a ɗora tukunya. Na huɗu, a rufa asirin mai karɓa. In ɗan ajin ne, malami ya kai gidansu a ɓoye.

Ke kuma hajiya, yaro yana da ƙarfinsa. Zai iya ɗebo wa tsohuwar unguwa ruwa, ya share masallaci, ya ba ƙanensa tsohon littafi, ko ya shiga gayyar gonar maras lafiya. In mabuƙaci ya tsaya a rumfarki, miƙa wa yaron sadakar ya ba shi da hannunsa, da sakin fuska.

Malam, je ka makarantar ka ga hedimasta, ka tambayi inda hatsin zai tafi da wanda zai riƙe shi. In bayani ya gamsar da kai, ba 'ya'yanka abin da ba zai taɓa abincin gida ba.

Allah ya ba mu damina mai albarka. Sai mun ji daga gare ku.