Maki Ya Tashi: A Yi Bayani Ko a Yi Shiru?

Ɗalibin lise a Matameye da ya faɗi BAC bara, bana kuma ya haye da 13 bisa 20, yakan shiga wasu-wasi wajen haɗa dosiyen karatun shari'a: ya faɗi abin da ya kayar da shi, ko ya bar takardar maki ta wadatar?

Amurkawa sun daɗe da wannan muhawara. Akasarin masu neman makarantar lauyoyi a can suna rubuta jarrabawar LSAT, mai maki daga 120 zuwa 180, kuma makaranta tana ganin sakamakon zaman da mutum ya yi cikin shekaru biyar, mai kyau da maras kyau. A da matsakaicin makin ake lissafawa, sai a 2006 ƙungiyar lauyoyin ƙasar ta amince makarantu su riƙa ba da rahoton mafi girma. Tun daga nan bayanin dalilin ƙaramin maki ya rage daraja. Wanda ya tashi daga 155 zuwa 160, kowa ya san ƙara ƙwazo ya yi. Sai tazarar ta yi faɗi, da dalili takamaimai kamar ciwo ko rasuwa, ake ƙara ɗan sakin layi.

Ɗan Matameye ma ya fi su sauƙi. Sashen shari'a na Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, ko na Jami'ar Tawa, takardar shaidar BAC da makin shekarar da aka ci yake dubawa. Wanda ya bi ta Daura ya nufi Jami'ar Bayero ta Kano kuwa, makin jarrabawar JAMB na wannan shekarar, bisa 400, shi ke aiki. Tono faɗuwar bara a nan fama tsohon miki ne kawai.

Inda maganar ke da gurbi shi ne neman karatu a wasu ƙasashen waje, in an buƙaci sakamakon ajujuwan lise da wasiƙar bayyana manufa. Nan maimaita ajin ƙarshe ba ya ɓoyuwa, gara ɗalibi ya riga mai dubawa. Jimla biyu ko uku sun isa: zazzaɓin taifot ya kwantar da shi ana gab da jarrabawa, ga takardar likita, ga makin bana. Ban da kuka, ban da ɗora wa malamai ko masu gyaran takardu laifi, domin mai dubawar shi ma galibi malami ne.